Ƙarfe Uku da Minti Goma Sha Biyu

"Ɗaya za ki zaɓa, yarinya. Ko ɗana, ko wannan farin kayan da ke jikinki!"

Umma ce ta faɗi haka, tana hakimce a kan doguwar kujera, ranta a haɗe kamar ba ta taɓa dariya ba.

Wadda ake yi wa faɗan tana durƙushe a gefen kafet, kanta a ƙasa. A makarantar koyon aikin jinya Meyasa ake kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta sunan. A nuna mata yadda ake naɗa bandeji, sai ta ce me ya sa ba a farawa daga sama. A ce ta juya majinyaci duk bayan awa biyu, sai ta ce me ya sa ba uku ba. Har malamai in suka hango hannunta a sama sai ka ji sun yi ajiyar zuciya.

Daga asibiti ta taho kai tsaye, don saƙon Umma cewa ya yi ƙarfe uku daidai. Ko kaya ba ta samu ta sauya ba. Ga ɗan agogon nas maƙale a ƙirjinta yana ta aikinsa, ba ruwansa da abin da ake ciki.

Agogon nan shi ne ya haɗa ta da ɗan Umma. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce ya tsaya mata cak, ta kai shi wani ɗan tsukukun shago da ke ƙarƙashin matakalar wani dogon gini. Mai Agogo ya maƙala gilashi a ido ɗaya ya buɗe bayansa, ita kuwa ta leƙo ta kan kafaɗarsa.

"Me ya sa wannan ɗan ƙarfen yake rawa?"

Ya gaya mata.

"To me ya sa ba ya gajiya?"

Ya sake gaya mata. Tambaya goma sha ɗaya ta yi masa a ranar, ya amsa duka yana murmushi. Tunda take, shi ne mutum na farko da bai ce mata "ke kin cika surutu" ba. Kafin wata ya ƙare agogon ya sake "lalacewa" sau uku, kuma Allah ne kaɗai ya san gaskiyar wannan lalacewar.

Yau ga Mai Agogon can a bakin ƙofar falo, ya sunkuyar da kai yana kallon zanen kafet. Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinsa, tana zaune kusa da Umma tana kaɗa ƙafa. 'Yarta kuma ta kame a hannun kujera, ta sha kwalliya sai ƙamshi take zubawa, waya a hannu. Kowa a dangin ya san tun tana 'yar ƙarama take cewa ita ce matar Yaya, kuma girma bai sa ta canja magana ba.

Ita ce ta kawo hoton da ya tayar da wannan rigimar. Ta je dubiya ɗakin maza, ta hango Meyasa ta gefen labule tana goge wa wani tsoho baya da tawul, ta ɗauka ta kawo wa Umma da ɗuminsa.

"Wallahi Umma ban so nuna miki ba," in ji ta yanzu, tana langwaɓe kai. "Amma na ga in na ɓoye na ci amanar Yaya..."

Tab! Su amana manya.

Abin da babu wanda ya sani a falon shi ne, Meyasa da amsarta ta zo. A cikin jakarta akwai takardar ajiye karatu, ta rubuta ta sa hannu tun shekaranjiya. Dama ba da wani buri ta shiga makarantar ba, gurbin da ta samu ke nan, son sanin abubuwa ne ya riƙe ta. Sai ga shi mako uku da suka wuce wani majinyaci ya yanke jiki ya faɗi a gabanta, ta tsaya ƙiƙam, hannuwanta suka mutu. Sista, babbar nas ɗin da ke koya musu, ita ce ta ture ta gefe ta yi abin da ya kamata, bayan an gama ta kira ta ofis.

"Tambaya kamar 'yar jarida, amma in aka zo wurin aiki sai ki zama gunki! Ki je ki sake tunani, wannan aikin ba na kowa ba ne."

Ta yi tunanin. Ta yi kuka har ta gaji. Ta ce wa kanta, tunda ba ta iya ba, gara ta tsira da wanda take so.

Umma ta ɗauki butar shayi da hannun dama ta cika kofinta, ta ajiye. Ta ɗaga hannun tana lanƙwasa yatsu.

"Na ɗaya, kina taɓa jikin mazan da ba naki ba. Na biyu, ba ki da lokacin zama a gida, miji ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle. Na uku, ki kwaso cuta ki kawo wa jikokina. Na huɗu..."

Ta ɗauki kofin.

"Na huɗu... na hu... hu..."

Kofin ya sulale ya faɗi a kan kafet, shayi ya fantsama har zaninta.

"Subhanallahi! Kin gani ko?" Gwaggo ta zabura. "Kin ɓata mata rai har magana ta sarƙe mata!"

Meyasa ba ta ji ta ba. Idonta ya riga ya sauka kan agogon ƙirjinta, don Sista ta dasa musu wannan tun ajin farko: kome ya faru, a fara duba lokaci. Uku da minti goma sha biyu. Ba tare da ta yi shawara da kanta ba ta zaro biro daga aljihu ta rubuta a tsintsiyar hannunta.

Sannan ta ɗago, ta yi abin da ba ta yi ba tun shigowarta. Ta kalli Umma ido cikin ido.

Me ya sa gefen bakinta na dama ya sauka?

Ɓacin rai fuska duka yake ɗaurewa. Me ya sa wannan ya ɗauki rabi ya bar rabi?

Me ya sa hannun da ya gama lissafa laifinta yake kwance a cinya, tafin yana kallon sama, kamar an manta da shi?

Ta rarrafo har gaban kujerar.

"Umma... yi min murmushi."



"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Murmushi? Ke, uwar mutane kike yi wa ba'a a cikin gidanta?"

"Na gaya muku ba ta da kunya," in ji 'Yar Gwaggo, har da taɓe baki.

Shi kansa Mai Agogo sai da ya ɗago a firgice. "Haba masoyiya... me kike yi haka?"

"Umma, don girman Allah ki buɗe baki in ga haƙoranki."

Ko don mamaki, ko don tana son ta zage ta, Umma ta motsa leɓɓanta. Ɓangaren hagu ya ɗaga. Na dama ko gezau.

"Ɗaga min hannuwanki biyu. Sama, Umma, kamar haka."

Na hagu ya tashi ya tsaya. Na dama ya ɗan yunƙura, ya koma yaraf.

"Wane ne wancan a bakin ƙofa? Faɗa min sunansa."

Umma ta kalli ɗan da ta haifa ta raina shekara talatin. Bakinta ya buɗe, wani sauti ya fito wanda ba na kowane suna ba. Ta sake gwadawa. Sai hawaye ya ziraro daga idonta, tsoro ya bayyana a rabin fuskar da ke motsi.

"Hawan jininta ne ya tashi!" Gwaggo ta shiga zazzage jaka. "Ga ƙwayata nan, irin wadda nake sha. Ke, miƙo ruwa! A ba ta ta sha, a kwantar da ita a ɗaka ta yi barci, zuwa yamma ta ware."

'Yar Gwaggo ta ruga ta dawo da kofi cike. Gwaggo ta tallafo haɓar Umma, ta kai kofin bakinta.

A nan ne Meyasa ta ji sanyin nan ya fara hawo mata daga yatsu, irin na ranar da mutumin ya faɗi. Zuciyarta na ce mata, ke wace ce, ɗaliba, baƙuwa a gidan da ba a son ki? Amma wata tambayar ta riga ta sha gabanta: in maƙogwaron nan ya shanye kamar yadda bakin ya shanye, ina ruwan zai bi?

Huhu.

Ta kai hannu ta fizge kofin, ruwan ya kwarare a hannun rigarta.

"Ko ɗigo! Ba ruwa, ba ƙwaya, ba barci!"

Ita kanta ba ta san tana da irin wannan muryar ba.

"Ni kika fizge wa kofi?" Gwaggo ta miƙe tana huci. "Kai, kana tsaye za a ci mutuncina? Fitar min da ita! A kira mai kemis na bakin titi ya zo ya duba ta."

Mai Agogo ya tsaya tsakaninsu, ya kalli wannan ya kalli waccan, duk ya ruɗe. Meyasa ta miƙe ta tsaya a gabansa.

"Kalle ni. Shanyewar ɓarin jiki ce take kama Umma, yanzu haka, muna tsaye. Jini ya daina kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwarta. Duk mintin da ya wuce akwai abin da take rasawa wanda ba zai dawo ba."

"Kin tabbata?"

"Ka san ni. In ban san abu ba tambaya nake yi. Ka ji na yi tambaya?"

Sai ya juya ya fita da gudu, ko takalmi bai tsaya sawa ba, yana ƙwala wa mai tasi kira.

A bayan mota ta kwantar da Umma a kan gefenta, kanta a cinyarta, don kada yawu ya shaƙe ta. Mai Agogo yana gaba yana roƙon direba ya taka. Gwaggo da 'yarta suka biyo a wata motar.

Da hannu ɗaya ta kira Sista.

"Sista, ni ce... Mace ce, shekara sittin da ɗoriya. Ɓarin dama, fuska da hannu, magana ta ɗauke. Muna hanya, nan da minti ashirin."



"Ke ce da kanki?"

"Ni ce."

"Kawo ta ƙofar gaggawa, ina nan tsaye."

Yawu yana dalalowa daga gefen bakin Umma. Meyasa ta duba ta ga babu mai kallo, ta sa gefen farar rigarta ta goge a hankali, ta gyara mata mayafi ya rufe wurin. Idon Umma yana kanta, bai ko ƙifta ba. Hannunta mai lafiya ya laluba ya damƙi yatsun yarinyar, damƙa mai zafi.

"Ina nan, Umma. Na san kina jin duk abin da nake faɗa, maganar ce kawai ta ƙi fitowa. Ba haukacewa kika yi ba. Ki yi ta numfashi, mun kusa."

Damƙar ta ƙara ƙarfi.

A ƙofar gaggawa an riga an fito da gadon turawa. Kafin ka ce me, an soki yatsan Umma an auna sukari, an naɗa mata na'urar awon jini, an sa mata allurar ƙarin ruwa a hannu. Likita ya iso da sauri, dogo mai furfura a gemu, irin wanda ɗalibai ke canja hanya in sun hango shi.

"Wa ke tare da ita? Yaushe abin ya fara?"

'Yar Gwaggo, da shigowarta ke nan tana haki, ta kutsa gaba. Ta ga dama ta samu, ga Yaya yana kallo.

"Ni ce nake kula da ita, Likita. Ai tun da safe na lura ba ta daidai. Tun wajen ƙarfe bakwai nake ta fama da ita, ina cewa Umma ki kwanta, Umma ki huta. Ni kaɗai nake sanin in jikinta ya canja..."

Likita ya dubi agogon bango. Ya sauke biron da ke hannunsa, kafaɗunsa suka yi sanyi.

"Tun bakwai? Awa tara ke nan. Mun makara, Sista. A yi mata hoton kai, a nema mata gado a ɗakin mata."

Meyasa tana can baya jikin bango, inda ɗalibai ke tsayawa. Ta san abin da "mun makara" ke nufi. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, amma ba a yin ta sai a cikin 'yan awoyin farko. In lokacin ya wuce, sai dai a zuba ido a ga abin da ya rage.

Ɗaliba ba ta katse likita. Ba a taɓa yi ba.

"Ba tun bakwai ba ne!"

Duk suka waiwayo. Likita ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke kuma wace ce?"

"Ɗaliba ce, Likita... aji biyu." Ta tako gaba ta miƙa masa tsintsiyar hannunta. Ruwan kofin ya ɗan jiƙa tawadar, amma tana karantuwa. "Uku da minti goma sha biyu. A gabana aka yi."

"Kafin nan fa? Me ya tabbatar miki lafiyarta ƙalau?"

"Ta ɗaga buta cike da shayi da hannun daman nan, ta zuba, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ta yi magana tar, babu inda harshenta ya karye. Da yatsun hannun ta lissafa laifina guda uku, ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ne abin ya same ta."

Sista ta yi saurin kawar da kai, kamar mai neman wani abu a aljihu.

Likita bai yi dariya ba. Ya juya wurin 'Yar Gwaggo.

"Baiwar Allah, saurare ni da kyau. In tun safe ne, na yi mata allurar nan, za ta iya kashe ta. In ƙarfe uku ne, na hana ta, wataƙila ba za ta sake magana ba har abada. Ba na neman wanda ya fi ƙaunarta. Lokaci nake nema. Ƙarfe nawa?"

'Yar Gwaggo ta yi tsuru-tsuru. Ta kalli uwarta, uwar ta sunkuyar da kai. Ta kalli Yaya, ta ga wani irin kallo da bai taɓa yi mata ba.

"Ni... ni sai bayan azahar ma na zo gidan," ta fashe da kuka. "Wallahi ban san abin zai zama haka ba! Cewa kawai na yi..."

"Hoton kai, yanzu!" Likita ya daka tsawa. "Sista, a haɗa maganin ya jira mu. Ke ɗaliba, kama gadon nan mu je."

Ta kama.

Hoton ya nuna babu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ƙarfe biyar saura kwata maganin ya fara shiga jijiyar Umma.

Sai a lokacin Meyasa ta fito baranda ta zube a kan benci, jikinta ya ɗauki ɓari kamar mai zazzaɓi. Sista ta zo wucewa da tire, ta tsaya a kanta.

"Yanzu kike rawar jikin?"

"Eh, Sista..."

"Daidai ke nan. Bayan an gama ake yi." Ta wuce abinta.

Mai Agogo ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ƙafafunsa duk ƙura, har yanzu babu takalmi. Idonsa ya yi jawur.

"Hasken idona... da me zan biya ki?"

"Kada ka yi saurin godiya." Ta buɗe jaka ta miƙa masa takardar. "Karanta."

Ya karanta, ya ɗago da mamaki. "Barin karatun za ki yi? Saboda ni?"

"Da niyyar haka na zo gidanku. Da Umma ta kai ƙarshen lissafinta, da na ce na zaɓe ka." Ta share hawaye da bayan hannu. "Yanzu ba zan iya ba. Yau na san abin da ya sa nake yawan tambaya. Ina son ka, Allah ya sani, ina son ka har ina jin ciwo a nan... amma ba zan ajiye ba."

"Ni ai ban taɓa cewa ki zaɓa ba."

"Ba ka kuma ce kada in zaɓa ba. Kana tsaye kana kallon kafet."

Maganar ta dake shi. Ya juya takardar a hannu.

"Gaskiyarki," ya ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Tsoro na ji. Tun rasuwar Baba ban taɓa ce mata a'a ba. Na bar ki ke kaɗai a ƙasa, ina ji ina gani. Ki yafe min, masoyiya. In ta tashi, ni zan fara yi mata magana, ko me za ta ce."

"A'a. Ni ta tambaya, ni zan ba ta amsa."

Ya ninke takardar ya mayar mata. "To in ta ce a'a, sai mu yi ta jira tare. Ni dai sana'ata ta koya min zama wuri ɗaya."

Ta yi dariya cikin kuka, ta ce ya je ya nemi silifa kafin a ɗauka shi ne marar lafiyar.

Washegari yatsun Umma suka motsa. A kwana na uku ta kira ɗanta da sunansa, a karye, amma sunan ne. Shi kuwa ya kifa kai a gefen gado ya yi ta kuka kamar yaron goye. Likita ya ce ƙafa za ta taka, magana za ta dawo sannu a hankali, hannun ne dai sai an yi ta gashi da motsa jiki, kuma ba lalle ya koma kamar da ba.

Gwaggo takan zo da rana ta zauna shiru. 'Yarta sau ɗaya ta leƙo, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta sake dawowa ba.

Meyasa kuwa duk lokacin hutunta a ɗakin mata take yin sa. Amma da ta shigo sai Umma ta juya fuska bango. Ta gaishe ta, shiru. Ta gyara mata matashi, shiru. Abin ya tsaya mata a rai. Fushi ne? To me ya sa ba ta harare ta ba, ita da harara ba ta yi mata wuya?

A kwana na biyar ta samu amsa. Wata nas ta tare ta a ƙofa, ta ce tsohuwar nan ta ƙi yarda kowa ya yi mata wanka, da an kawo ruwa sai ta ƙanƙame zani da hannu ɗaya tana hawaye.

Ashe kunya ce. Matar da ta yi shekara sittin ba wanda ya taɓa ganin ko kafaɗarta.

Meyasa ta haɗo ruwa mai ɗumi a roba, ta ɗauko tawul biyu da babban mayafi. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta bi ta duba kowace kusurwa, ta sa fil ta haɗe inda ya buɗe.

"Umma, bari in gaya miki yadda muke yi. In ba ki yarda ba, in kwashe kayana in fita."

Umma ba ta juyo ba, amma ba ta kore ta ba.

"Wannan mayafin zai rufe ki daga wuya har ƙafa. Hannu ɗaya zan fito da shi, in wanke, in goge, in mayar. Sannan ɗayan. Ba a buɗe wuri biyu a lokaci ɗaya. Inda hannunki na hagu zai kai, ke za ki yi da kanki, ni in juya baya. Haka aka koya mana, haka muke yi wa kowa."

Can sai hannun da ya ƙanƙame zanin ya saki.

Ta yi aikinta a natse, tana faɗa mata duk abin da za ta taɓa kafin ta taɓa. Ta wanke hannun da ya shanye yatsa bayan yatsa, ta shafa masa mai. Da ta zo baya, ta juya ta a hankali tana goge mata da tawul, sai ta ji muryar Umma daga jikin matashi, kalma ɗaya-ɗaya.

"Tsohon... nan... na hoto."

"Na'am, Umma."

"Haka... kika... yi masa?"

"Haka na yi masa. Ba shi da kowa. Ya rasu bayan kwana huɗu, a tsaftace."

Meyasa ta sa mata riga mai tsabta, ta taje mata kai ta ɗaura mata ɗankwali, ta jingina ta da matashi. Sannan ta durƙusa a gefen gadon.

"Umma, kin yi min tambaya ranar nan ban ba ki amsa ba. Ina son ɗanki. Amma ba zan bar karatun nan ba. In hakan ya sa kin hana ni shi, ba zan riƙe ki a zuciya ba, kuma gobe ma zan zo in yi miki wanka."

Umma ta zuba mata ido. Fuskar nan ba a karanta komai a cikinta. Daga ƙarshe ta nuna labule da haɓa.

Jiki a sanyaye Meyasa ta tashi ta zare fil ɗin, ta yaye labulen. Shi ke nan, ta faɗa a ranta, an sallame ni. Ta sunkuya ta ɗauki robar ruwa, tana ƙoƙarin kada hawayenta ya ɗiga a ciki.

Matar gadon kusa, wata mai karyayyar ƙafa da bakinta ba ya shiru, ta leƙo.

"Kai, masha Allah, kin fito fes! Baiwar Allah, wannan yarinyar da ke ta zarya a kanki, 'yarki ce?"

Umma ta haɗiyi yawu. Ta tattaro kalmomin da ƙyar, kamar mai ɗaga kaya masu nauyi.

"Su... surukata ce."

Robar ta kusa kuɓucewa daga hannun Meyasa.

"Nas ce," Umma ta ƙara, wannan karon da ƙarfi, har na gado na uku sai da ta juyo.

"Umma..." Hawaye ya ɓalle mata. "Ai ban zama ba tukuna, saura shekara ɗaya da..."

"Yi min... shiru," in ji Umma. "Je ki... aji. Kin makara."